Tuwon Gida da Tafiyar Ƙasa: Nasiha ga 'Ya'yan Garinmu Mazauna Birane

(Jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, tsohon hedimastan makarantar firamaren garinmu, ya gabatar a babban taron shekara-shekara)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a wannan fili cikin rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Babban Limami, Allah ya gafarta malam, dagatai da masu unguwanni, Shugaban taro, Shugaban ƙungiya da mataimakansa, wakilan rassanmu na Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal, iyaye mata, 'yan'uwa da 'ya'ya, ina yi muku barka da zuwa gida.

GABATARWA

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, kuma na san abin da kowa ke tsammani daga bakin tsohon malamin makaranta: yoyon rufin azuzuwa, da ƙarancin benci, da yaran da ba su iya karatu ba. Waɗannan matsaloli suna nan, ba mu gama da su ba. Amma bana na roƙi arziki a bar ni in kauce, saboda wani littafi da ke cikin akwatina.

Tun farkon aikina nake rubuta sunayen yaran da suka kammala firamare a hannuna, kowace shekara da shafinta. Idan labari ya iso mini cewa ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya, sai in ɗauko littafin in yi alama a gefen sunansa, in yi masa addu'a. A 'yan shekarun nan alƙalamina ya yi aikin da ban so ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne irin labarin da ke rako gawa daga birni. Wannan an ce yana zaune a ofis ya kife. Wancan ya yi sallar isha'i lafiya lau, da asuba aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Wani an shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda har gida da gona suka ƙare. Wata kuwa ɗan miki ne a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa saboda ciwon sukari, har aka kai ga yanke ƙafar. Galibinsu ba su cika shekara 55 ba, kuma su ne masu ƙarfin ƙungiyar nan, waɗanda da gudummawarsu muka gina azuzuwa muka haƙa rijiyoyi. Bisa al'ada ɗalibi ne ke ɗaukar makarar malaminsa. Ni kuwa na gaji da bin makarar ɗalibaina.

Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Sai dai Wanda ya hukunta ajali shi ne ya ba mu jiki amana, ya kuma umarce mu da riƙon sababi. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na tsinto shi daga likitocin da suka duba ni, da ɗan karance-karance, da kuma abin da ya faru da jikina. Domin ni ma na faɗa ramin da nake gargaɗinku da shi. Da aka ɗauke ni daga makaranta aka mayar da ni ofishin ilimi na wasu shekaru, na ajiye keke na hau babur, daga baya na sayi 'yar mota, tumbi ya fito, mutane suna ta yi mini murna wai na huta. Ran nan na kai mara lafiya asibiti, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, bari kai ma mu gwada ka." Awo ya nuna 170 bisa 100, alhali ko ciwon kai ba na ji. Tun daga ranar nake shan magani, nake tafiyar ƙasa, nake lura da abin da ke shiga bakina. Da ba don Allah ya haɗa ni da yarinyar nan ba, da wataƙila wani ne ke tsaye a nan yau.

ABIN DA MUKA BARO A GIDA

Mu tuna yadda muka taso. Yaro ya tashi da asuba, ya sha koko ko ɗumamen tuwo, ya taka da ƙafa zuwa makaranta. Ya dawo ya bi mahaifinsa gona ko ya kora awaki. Uwa ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, ta yi niƙa a dutse. Dattijo ya ci kasuwar ƙauyen da ke nesa da ƙafa ko a kan keke, ya dawo kafin almuru. A kwalejin horon malamai da na yi, da sassafe ake tayar da mu gudu, da yamma kuma ko filin ƙwallo ko gonar makaranta. Babu wanda ya taɓa kiran wannan motsa jiki. Zaman duniya ne kawai.

Abincinmu kuwa tuwon dawa ne da na gero, da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi ko yakuwa, an kaɗa da daddawa. Akwai wake da gurjiya da gyaɗa, akwai kwaɗon zogale da na rama da na tafasa, akwai dambu da faten tsaki mai ganye. Abin marmarin yaro shi ne goruba da magarya da kanya da ɗinya da aduwa da yalo. Nama sai ranar kasuwa ko suna, sukari kuwa sai azumi.

Kada wani ya ɗauka ina ƙawata talauci. Na ga farin 1973, na ga na 1984. Na ga yara masu tamowa, na ga yadda rumbu ke ƙarewa a tsakiyar damina. Babu mai hankalin da zai so a koma can, kuma mun gode wa Allah da ya buɗa wa 'ya'yanmu. Amma a cikin waccan rayuwa akwai dukiya biyu da muka haɗa da talaucin muka zubar: abincin da bai yi nisa da yadda Allah ya fito da shi daga ƙasa ba, da kuma jikin da ba ya wuni a zaune.

Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayalan mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi kusan shekara 20 yana aiki a Uganda, ya lura cewa cututtuka irin su taurin bayan gida da basir da sankarar hanji, waɗanda suka cika asibitocin Turai, ba kasafai yake ganinsu ga mutanen ƙauyukan Afirka ba. A shekarun 1970 ya yi ta yayata cewa babban dalili shi ne abin nan mai kaushi da ke cikin dusar hatsi da wake da ganyaye, wanda ciki ba ya narkar da shi, amma yake share hanji yake kuma rage saurin shigar sukari cikin jini. Ku duba kuɗin da mazanmu ke kashewa a kan maganin basir a tashoshin mota, alhali dusar da za ta taimake su an surfe ta an ba awaki. Haka kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don girmama gero da danginsa, wato dawa da acca da tamba. Abin da ɗanka ke jin kunyar a gan shi yana ci, shi duniya ta yi wa biki na shekara guda.

ABIN DA BIRNI YA SAUYA

Yanzu mu bi ɗan garinmu a birni mu ga wuninsa. Ya karya da burodi da shayi mai kauri, cokali uku ko huɗu na sukari. Ya fito daga ɗaki ya shiga mota, ko ya hau adaidaita sahu, ya sauka a ƙofar ofis ko shago. Ya zauna. Idan yana son fayil ya aiki masinja, idan yana son ruwa ya aiki yaro. Da rana farar shinkafa tuli guda da mai yana kwance a kai, a kora da lemon kwalba. Da magariba ya biya wajen mai tsire ko mai balangu, ya zaɓi mai kitse. Ƙarfe goma na dare ya ci abinci mai nauyi a gaban talabijin, ya kwanta. Jikin da aka halitta don noma da tafiya an ɗaure shi a kujera ana yi masa ɗura kamar ragon layya.

Tun a 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya wallafa bincike a kan ma'aikatan motocin safa masu bene. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana wuni hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Mafi yawanmu da muka tafi birni mun bar aikin kwandasta mun koma kujerar direba.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa, kamar yadda aka fahimtar da ni. Farar shinkafa da fulawa da lemon kwalba suna juyewa su zama sukari a cikin jini da sauri. Jiki yana da wani sinadari mai suna insulin, wanda yake kamar mabuɗin da ke buɗe tsoka ta karɓi sukarin ta yi aiki da shi. Idan kitse ya taru a ciki kuma tsoka ba ta aiki, sai kwaɗon ya yi tsatsa, mabuɗi ya kasa buɗewa, sukari ya yi ta yawo a jini yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara matsa wa jijiyoyinsa, tamkar tiyon da aka sakar wa ruwan da ya fi ƙarfinsa. Shekara da shekaru yana jurewa, ran da ya fashe ko ya toshe a ƙwaƙwalwa sai a ce shanyewar ɓarin jiki, wasu ma su ce jifa aka yi wa mutum.

Abin takaici, al'adarmu tana taya cutar. Wanda ya yi teɓa mu ce ya samu, wanda ya rage ƙiba mu ce ko lafiya. Babban mutum ya fito tafiya da ƙafa, sai masu mota su riƙa tsayawa suna tambayarsa ko motarsa ce ta lalace. 'Ya'yanmu mata kuwa wasu har ƙwayoyin sa ƙiba suke saye, irin waɗanda ake kira "sha ka fashe", don a ce miji ya iya kiwo. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magungunan wasu cututtuka ne dabam, kuma shan su ba da umarnin likita ba yana tayar da sukari da hawan jini. Iyaye mata, wannan aikinku ne ku tsawata.

MA'AUNIN ABINCI

Malamanmu sun daɗe da karantar da mu koyarwar Manzon Allah ta kasa ciki kashi uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Da mun riƙe wannan kaɗai, da rabin jawabina bai zama dole ba. Bari in ƙara da wasu ma'aunai na Hukumar Lafiya ta Duniya, in fassara su da harshen madafa.

Gishiri. Hukumar ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a wuni, wato kimanin cokalin shayi ɗaya a shafe. Lissafin ya haɗa da gishirin da ke ɓoye cikin burodi da kilishi da yajin tsire da taliyar leda ta yara, da kuma dunƙulen miya da muke kira magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida ta jefa dunƙule biyar a tukunya, ta ƙara gishiri, maigida kuma ya barbaɗa yaji. Mafita ita ce a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, a mayar da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta matsayinsu. Kanwa ma dangin gishiri ce. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi zargin yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi a cikin abubuwan da ke raunana zuciyar masu jego. Kun ga ke nan ba duk abin da muka gada ne lafiya ba.

Sukari. Ma'aunin da Hukumar ta fitar a 2015 shi ne kada sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a wuni ga babban mutum, wato cokalin shayi 12, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kimanin giram 10 a kowane mililita 100. Ku yi lissafin da kanku, 'yan ajina: robar mililita 500 guda ɗaya ta cinye rabon wuni duka. Gwamnatin tarayya ma, a Dokar Kuɗi ta 2021, ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha. Ku sani kuma zoɓo da kunun aya da fura, in aka cika musu sukari, sun zama lemon kwalba da rigar gida.

Ganye da 'ya'yan itace. Ana so mutum ya ci aƙalla giram 400 a wuni, kimanin cikin tafin hannu sau biyar. Dankali da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi. Zogale, alayyafo, rama, kabewa, kabeji, karas, yalo, gwanda, gwaiba, kankana, duk wanda lokacinsa ya kama ya fi araha. A wanke su sosai da ruwa mai tsabta. Kuma cin lemon zaƙi da totuwarsa ya fi matse ruwansa a sha.

Tuwo da mai. Ba na cewa a daina cin shinkafa. Ina cewa a mayar da dawa da gero da acca da wake cikin jerin abincin mako, kuma idan an kai niƙa kada a surfe hatsin ya yi fari fat. A kasa faranti: rabi ganye da miya, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, sauran kuma wake ko kifi ko ƙwai ko nama mara kitse. Mai malmala uku ya koma biyu. Man gyaɗa da manja a auna su da cokali, a daina tuttulawa daga galan, a kuma daina maimaita suya da man da ya yi baƙi. Abincin dare a ci shi da wuri, ya zama mara nauyi.

Ina jan kunne a nan. Gero da dawa ma suna juyewa su zama sukari, mai ciwon sukari dole ya auna su. Zogale abinci ne mai albarka, amma bai maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta ba. Na san wanda ya ajiye maganin hawan jini ya koma jiƙe-jiƙe saboda ya ji sauƙi. Sunansa yana cikin masu alama a littafina.

Wani zai ce, Malam, kayan abinci sun yi tsada. Gaskiya ne. Amma mudun wake da ƙullin zogale ba su kai tsire da katan ɗin lemo kuɗi ba, kuma duk tsadarsu ba su kai zama ɗaya na wankin ƙoda ba.

MA'AUNIN MOTSA JIKI

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana son babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 a wuni, kwana biyar. Matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga, ka iya yin magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ana kuma son a ba tsoka aiki kwana biyu a mako: ɗaukar jarkar ruwa, noma a bayan gida, tsugunawa da miƙewa, ko tashi daga kujera sau goma ba tare da dafawa ba. Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar minti 60 kullum.

Don ku san ba ƙaramin abu ba ne, a 2002 an wallafa sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da sukarinsu ya hau amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci, da tafiyar minti 150 a mako, da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwaya kuwa nasu ya ragu da kashi 31 ne. Ga mai nauyin kilo 90, kashi 7 cikin 100 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Ƙafa ta fi ƙwaya aiki, kuma ba a sayen ta a kemis.

Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Bayan sallar asuba, maimakon komawa barci, ka zaga unguwa tare da maƙwabta biyu ko uku, domin tafiya cikin jama'a ta fi aminci kuma ta fi ɗorewa. Ka je masallaci da ƙafa, ga lafiya ga ladan taku. Ka sauka daga mota kafin ka isa, ka ƙarasa da ƙafa. Ka hau bene da matakala. Fayil ɗin nan ka kai shi da kanka, girmanka ba zai zube ba. Bayan cin abinci ka ɗan taka na minti goma, domin yana rage hawan sukari. Lokacin zafi a zaɓi safiya ko yamma, a sha ruwa.

Ga 'yan'uwa mata, musamman waɗanda ba sa fita, tsakar gida ma fili ne: zagaye, tsallen igiya, shara, da ɗan dakan da injin ya ƙwace. Maza kuma ku taimaka, kada ku zama masu hanawa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu. Wane ne a cikinmu ya fi shi girma da zai ji kunyar takawa tare da iyalinsa?

Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ciwon zuciya, ko wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri ko sarƙewar numfashi idan ya motsa, ya fara ganin likita.

KA SAN LAMBARKA

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kamar yadda ni ban sani ba. Saboda haka kowa ya riƙe lambobi uku. Ta farko awon jini: idan ana samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, hawan jini ne. Ta biyu awon sukari kafin karin kumallo: 126 ko fiye a wani ma'auni, ko 7 a wani, yana bukatar a sake gwadawa a ga likita. Ta uku kuwa ko sisi ba ta ci. Ka yanki zare daidai tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya shi a cikinka ɗan sama da cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Wannan ma'auni na cewa kada zagayen ciki ya kai rabin tsawo, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta shigar da shi cikin shawarwarinta a 2022. Duk wanda ya haura shekara 40, ko akwai waɗannan cututtuka a gidansu, kada shekara ta zagayo bai yi gwaji ba.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ina gabatar wa uwar ƙungiya da shawarwari biyar.

Na farko, kowane reshe ya sayi na'urar awon jini guda ɗaya. A taron wata-wata, kafin a karanta bayanin taron baya, a gwada kowa a rubuta. Muna da likitoci da ma'aikatan jinya a cikinmu da za su jagoranci wannan.

Na biyu, mu gyara abin da muke rabawa a tarurrukanmu. Ina ganin katan-katan na lemo a bayan rumfar nan tun safe. A maye su da ruwa, da zoɓo mai ƙarancin sukari, da gyaɗa da 'ya'yan itace.

Na uku, kowane reshe ya sa ranar tattaki sau ɗaya a mako, shugabanni a gaba. Idan aka ga manya sun fito, kunya ta ƙare.

Na huɗu, rassa su riƙa haɗa kuɗi da kaka a sayi gero da dawa da wake da kuka da daddawa daga manoma da matan garin nan a kai birni. Ku samu lafiya, su samu ciniki.

Na biyar, a kare filin wasan makarantarmu daga masu yanka filaye, a kuma farfaɗo da gonar makaranta. Ku ma a birni ku rage wa yara zaman waya da taliyar leda, ku koya musu cin tuwon gida tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAMMALAWA

'Ya'yana, mu ne muka tura ku birni, kuma muna alfahari da ku. Ba mu ce ku dawo ku ja guga ba. Abin da muke roƙo shi ne ku ɗauki tuwon gida da tafiyar ƙasa ku tafi da su, kamar yadda kuka tafi da harshenku da addininku. Garin nan yana bukatar gudummawarku, amma ya fi bukatar ku kanku, ku tsufa, ku aurar da 'ya'yanku, ku zauna a kujerun da muke zaune yau. Littafin nan yana nan cikin akwatina, kuma fatana shi ne alƙalamin ya huta, har ranar da ku za ku ɗauki tawa makarar. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, likitocin da ke wurin nan su gyara mini. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.